Shekarun Farko na Tafiyar Ɗan Adam Sararin Samaniya da Rayukan da Suka Salwanta

Tafiyar ɗan adam zuwa sararin samaniya daga makamin yaƙi ta samo asali. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun yi wawason abin da Jamus ta bari na rokar V-2 tare da injiniyoyin da suka ƙera ta, kuma jagoransu Wernher von Braun ya koma Amurka da aiki. Abin da ƙasashen biyu ke nema a lokacin shi ne makami mai linzami da zai ɗauki bam ɗin nukiliya ya tsallaka teku da shi. Sobiyet ce ta riga kaiwa, da rokar R-7 wadda Sergei Korolev ya jagoranci ƙerawa. Korolev ya taɓa shan ɗauri a sansanin gwale-gwale a zamanin Stalin, kuma ko bayan da ya zama babban injiniyan ƙasar, gwamnati ta ɓoye sunansa har rasuwarsa a 1966. Da wannan roka aka harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, ranar 4 ga Oktoban 1957. Daga ranar, sararin samaniya ya zama fagen yaƙin cacar baka, inda kowane ɓangare ke son a ce shi ne na farko, kuma 'yan siyasa ne ke yanke ranar tashi kusan fiye da injiniyoyi.

Kafin a tura mutum, likitoci ba su da tabbacin ko jikinsa zai jure. Akwai masu tsoron zuciya za ta rikice idan nauyin jiki ya ɓace, akwai masu cewa ba zai iya haɗiye abinci ba, wasu kuma na ganin kaɗaici da ruɗewa za su taɓa masa hankali. Shi ya sa aka fara da dabbobi. Karya mai suna Laika, wadda aka tsinto a titunan Mosko, ta tashi a watan Nuwamban 1957 cikin kumbon da ba a yi masa hanyar dawowa ba. Zafi ya kashe ta cikin 'yan sa'o'i, ko da yake an daɗe ana faɗa wa duniya cewa ta yi kwanaki a raye. Wasu karnuka biyu, Belka da Strelka, sun zagaya duniya suka dawo lafiya a watan Agustan 1960. Amurkawa kuwa birai suka yi amfani da su. Shahararren cikinsu, wani biri mai suna Ham da aka harba ranar 31 ga Janairun 1961, a dajin Kamaru aka kamo shi yana ƙarami.

Da aka zo tura mutum, matuƙan jiragen yaƙi aka zaɓa. Hukumar NASA ta Amurka ta gabatar da mutum bakwai a watan Afrilun 1959, Sobiyet kuma ta ɗebi ashirin a asirce a 1960. Dole ne su kasance marasa tsayi sosai, domin kumbon matsattse ne. Yuri Gagarin tsayinsa santimita 157 kacal. Abin da za su hau kuwa ba abin amincewa ba ne. Rokar Vanguard ta Amurka ta fashe a wurin harbawa a watan Disamban 1957 a gaban na'urorin ɗaukar hoto, kuma rokar Atlas, wadda za ta ɗauki 'yan sama jannatin Amurka, ta tarwatse a gwajin Yulin 1960. A sansanin Baikonur da ke Kazakistan, wani makami mai linzami ya kama da wuta ranar 24 ga Oktoban 1960 alhali ma'aikata na kewaye da shi suna gaggawar gyara, ya hallaka mutane da dama ciki har da Marshal Mitrofan Nedelin. Gwamnati ta ce haɗarin jirgin sama ne ya kashe shi.

Mutum na farko da ya rasa ransa a cikin waɗanda aka zaɓa bai ma bar ƙasa ba. Valentin Bondarenko, ɗan shekara 24, yana cikin wani ɗakin gwaji ne a Mosko da aka cika da iskar oksijin mai yawa. Ya goge jikinsa da auduga mai ɗauke da sinadarin barasa, ya jefar da ita, ta faɗa kan murhun lantarki da yake dafa shayi. A wurin da oksijin ya yi yawa, abin da ba ya saurin ci ma sai ya ci kamar fetur. Kafin a daidaita matsin iska a buɗe ƙofa, ya ƙone kusan duk jikinsa, ya rasu ranar 23 ga Maris 1961. Ba a bayyana labarinsa a ƙasarsa ba sai 1986.

Ƙasa da mako uku bayan haka, ranar 12 ga Afrilun 1961, Gagarin ya tashi daga Baikonur cikin kumbon Vostok 1, ya zagaya duniya sau ɗaya, tafiyar ta ɗauki minti 108. Jaridu sun ba da labarin tafiya mai santsi, amma ba haka ta kasance ba. Tun da farko an kulle masa abubuwan sarrafa kumbon, saboda ba a san yadda hankalinsa zai kasance ba. Lambar buɗewa tana cikin ambulan, ko da yake wasu daga cikin manyansa sun raɗa masa ita kafin a rufe ƙofa. Rokar ta kai shi sama fiye da yadda aka tsara. An yi lissafin cewa idan injin rage gudu ya ƙi tashi, iskar sama za ta jawo kumbon ƙasa da kanta cikin kwana goma, aka ba shi guzurin da zai kai hakan. A tsayin da ya samu kansa, guzurin zai ƙare tun kafin ya sauko. Injin dai ya tashi, a saman nahiyar Afirka. Sai dai ɓangaren da ke ɗauke da injin, wanda ya kamata ya rabu da ƙwallon da Gagarin ke ciki, ya maƙale da igiyar wayoyi. Ya yi kimanin minti goma kumbon na juyawa da shi kafin su rabu, ga harshen wuta yana lasar tagar saboda gogayya da iska. A tsayin kilomita bakwai kujerarsa ta cillo shi waje, ya sauka da laimarsa a wata gona kusa da garin Engels a yankin Saratov, inda wata manomiya da jikarta suka fara ganinsa cikin kaya masu launin ruwan lemo da farar hula. Hukumomin Sobiyet sun shekara goma suna ɓoye cewa ba a cikin kumbon ya sauka ba, domin ƙa'idar hukumar da ke rajistar bajintar jiragen sama ta ce matuƙi ya sauka tare da abin hawansa.

Amurka ta biyo baya da gajerun tafiye-tafiye biyu da ba su kai ga zagaya duniya ba. Alan Shepard ya yi minti 15 ranar 5 ga Mayun 1961. Na biyu, Gus Grissom, ya sauka lafiya a Tekun Atlantika a watan Yuli, sai ƙofar kumbonsa ta fashe ta buɗe ba zato, ruwa ya kwararo ciki. Kumbon ya nutse, ba a ciro shi ba sai 1999, shi kuma Grissom da ƙyar jirgi mai saukar ungulu ya tsamo shi, kayansa sun sha ruwa suna jansa ƙasa. Duk da wannan ƙaramar gogewa, Shugaba John Kennedy ya riga ya tsaya gaban majalisa ranar 25 ga Mayu ya yi alkawarin kai mutum duniyar wata kafin shekarun 1960 su ƙare. A watan Agusta Gherman Titov ya kwana guda cur a sama, shi ne kuma na farko da ya sha fama da jiri da tashin zuciya, matsalar da har yanzu take damun 'yan sama jannati da yawa a kwanakinsu na farko.

John Glenn ne Ba'amurke na farko da ya zagaya duniya, sau uku, ranar 20 ga Fabrairun 1962. Tunda kumbo ba ya daɗewa a saman kowane wuri, NASA ta kafa jerin tashoshin bibiya a faɗin duniya domin su riƙa karɓar maganar matuƙi da bayanan lafiyarsa suna miƙa wa juna, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano take, wata kuma a Zanzibar. Da Glenn ya iso saman Afirka ta Yamma ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, ma'aikatan tashar Kano suka amsa masa cewa an yi kwanaki ana iska mai ƙarfi. Lokacin hunturu ne. Fargabar wannan tafiya daga wata alama ta zo, wadda ta nuna wa masu kula a ƙasa cewa garkuwar da ke kare kumbon daga zafin dawowa ta kwance. In da gaske ne, zai ƙone ƙurmus. Aka umarce shi kada ya yar da ƙunshin injinan rage gudu, ko maɗaurinsu zai riƙe garkuwar, ba tare da an fito fili an faɗa masa dalili ba. Ya sauko yana kallon gutsattsarin ƙarfe masu wuta suna wuce tagarsa. Daga baya aka gano na'urar ba da alamar ce ta lalace, garkuwar lafiyarta lau.

Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa da ta ƙware a tsalle da laima, ta zama mace ta farko a sararin samaniya ranar 16 ga Yunin 1963, ta yi zagaye 48 cikin kusan kwana uku. Sobiyet ba ta sake tura mace ba sai 1982.

Kasadar da ta fi kowace a wannan zamani ita ce ta kumbon Voskhod. Da aka ji Amurka na shirin kumbo mai ɗaukar mutum biyu, sai aka ɗauki gangar jikin Vostok da aka ƙera domin mutum ɗaya aka cusa mata uku, lodi irin na motar kasuwa. Don su samu wuri, aka cire kujerar cillo matuƙi, aka kuma hana su kayan da ke riƙe iska a jiki. Da rokar ta samu matsala a mintunan farko, babu wata hanyar tsira. Vladimir Komarov da abokansa biyu sun tashi a watan Oktoban 1964 sun dawo lafiya, suka tarar an tuɓe Nikita Khrushchev, wanda ya yi magana da su ta wayar iska suna sama.

Voskhod 2 ya tashi ranar 18 ga Maris 1965, kuma a nan Alexei Leonov ya zama mutum na farko da ya fita wajen kumbo, yana ɗaure da igiya, na tsawon minti 12. Tunda babu iska a waje da za ta danne kayansa, sai suka kumbura suka sandare, yatsunsa suka zame daga cikin safar hannu, ya kasa komawa ta ƙofar da ya fito. Ba tare da ya nemi izini daga ƙasa ba, ya buɗe bawul ya rage iskar cikin kayan, abin da zai iya sa jininsa ya yi kumfa, ya samu ya kutsa ciki gumi ya jiƙa shi sharkaf. Matsala ba ta ƙare nan ba. Oksijin ya yi yawa a cikin kumbon har tartsatsi ɗaya zai iya tayar da gobara, sannan na'urar saukarwa mai sarrafa kanta ta ƙi aiki, sai da kwamandan tafiyar Pavel Belyayev ya daidaita kumbon da hannu. Suka faɗa tsakiyar dajin yankin Perm, nesa da inda ake jiransu, cikin dusar ƙanƙara mai kai wa mutum ƙirji. Sun kwana biyu a dajin kafin masu ceto su sare itatuwa su samar wa jirgi wurin sauka. 

Shirin Gemini na Amurka, tsakanin 1965 da 1966, shi ya koyar da haɗa kumbo biyu a sama da daɗewa har mako biyu. A Gemini 8, Neil Armstrong da David Scott sun yi nasarar haɗewa da wata roka marar matuƙi ranar 16 ga Maris 1966, sai ɗaya daga cikin ƙananan injinan juya kumbon ya maƙale a kunne. Da suka rabu da rokar abin ya ƙara muni, kumbon ya riƙa wulwulawa kusan sau ɗaya kowace daƙiƙa, idanunsu suka fara dishi-dishi. Armstrong ya kashe injinan gaba ɗaya ya kunna na dawowa ƙasa, ya tsayar da juyin, aka katse tafiyar suka sauka a Tekun Fasifik.

Har ƙarshen 1966 babu wanda ya mutu a cikin kumbo, kuma wannan sa'a ta sa an saki jiki a ɓangarorin biyu. Hausawa na cewa sauri kan haifi nawa, kuma shekarar 1967 ta nuna hakan sau biyu cikin wata uku.

Ranar 27 ga Janairu, Grissom da Ed White da Roger Chaffee suna kwance cikin kumbon Apollo, wanda aka ƙera domin tafiyar duniyar wata, a kan rokarsa a Fulorida, suna gwajin da ba a ɗauke shi mai haɗari ba tunda ba a zuba wa rokar mai ba. An cika ɗakinsu da oksijin zalla, da matsin da ya ɗara na iskar waje. Ciki cike yake da raga da maɗaurai na leda masu saurin kama wuta, wayoyin lantarki kuma an shimfiɗa su ba bisa kyakkyawan tsari ba. Grissom ya daɗe yana ƙorafi a kan kumbon, kuma a ranar ma wayar sadarwarsu ta yi ta yankewa. Da misalin ƙarfe shida da rabi na yamma aka ji ɗayansu ya ce wuta. Ƙofar ciki ake jawo ta kafin ta buɗe, matsin da wutar ta haifar kuwa ya danne ta yadda babu ƙarfin da zai motsa ta. Cikin daƙiƙu kaɗan bangon kumbon ya tsage. Ma'aikata sun yi kusan minti biyar suna kokawa da hayaƙi kafin su buɗe, suka tarar hayaƙi mai guba ya riga ya kashe mutanen uku. Ana yawan tambaya ko sanin abin da ya faru da Bondarenko zai hana wannan. Gaskiya ita ce injiniyoyin Amurka sun san haɗarin oksijin zalla daga gobarar da suka gani a nasu ɗakunan gwaji, amma ba su sauya tsari ba. Bambancinsu da Sobiyet kawai shi ne an yi binciken a bainar jama'a, majalisa ta tuhumi NASA da kamfanin North American da ya ƙera kumbon. Aka sake ƙofar ta koma mai buɗewa waje cikin daƙiƙu, aka cire kayan da ke ci da wuta, aka riƙa gauraya oksijin da naitirojin muddin kumbo yana ƙasa. Ba a sake tura Ba'amurke sama ba sai Oktoban 1968.

A Sobiyet, Korolev ya rasu, waɗanda suka gaje shi kuma na fuskantar matsin lamba su nuna sabon kumbon Soyuz a shekarar cika hamsin da juyin juya halin ƙasar. Gwaje-gwaje uku da aka yi ba mutum a ciki duk sun samu tangarɗa. Duk da haka aka ɗora Komarov ranar 23 ga Afrilu, Gagarin ne mai jiran gadonsa idan ya kasa. Da isarsa sama, ɗaya daga cikin fukafukan da ke karɓar hasken rana ya ƙi buɗewa, wutar lantarki ta yi ƙaranci, na'urorin daidaita kumbon suka rikice. An soke tashin kumbo na biyu da zai same shi da mutum uku, aka ce ya dawo. Komarov ya yi abin da ya kamata, ya daidaita kumbon da hannu ya shigo daidai. Babbar laimar ce ta ƙi fita daga mazubinta, ta ko-ta-kwana kuma ta nannaɗe da ƙaramar laimar da ke gabanta. Kumbon ya daki ƙasa a yankin Orenburg ranar 24 ga Afrilu ya kama da wuta. Shi ne mutum na farko da ya mutu a cikin tafiyar sararin samaniya, kuma bincike ya nuna kumbo na biyun ma yana da irin wannan lahani. Labaran da ake yaɗawa cewa an ji shi yana zagin shugabanni yayin da yake faɗowa ba su da madogara. Irin su da jita-jitar wasu 'yan sama jannati da aka ce sun ɓace a sama, duk ɓoye-ɓoyen gwamnatin ne ya haife su.

Saukar Armstrong da Buzz Aldrin a duniyar wata ranar 20 ga Yulin 1969 ta zo da nata tsaka-mai-wuya: kwamfutar kumbon ta yi ta ƙarar cewa aiki ya yi mata yawa, man sauka kuma ya kusa ƙarewa kafin Armstrong ya samu fili marar duwatsu. Tsawa ta faɗa wa Apollo 12 sau biyu a minti na farko na tashinsa. A watan Afrilun 1970 tankin oksijin na Apollo 13 ya fashe a kan hanya, James Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka fake a cikin ƙaramin kumbon sauka, wanda aka yi domin mutum biyu na kwana biyu, ya riƙe su uku kusan kwana huɗu cikin sanyi da ƙishirwa har suka zagayo wata suka dawo.

Mummunan haɗari na ƙarshe a wannan zango shi ne na Soyuz 11. Georgi Dobrovolsky da Vladislav Volkov da Viktor Patsayev sun yi fiye da mako uku a Salyut 1, tashar sararin samaniya ta farko, mutanen ƙasarsu na kallonsu a talabijin. Ranar 30 ga Yunin 1971 suka kamo hanyar gida. Lokacin da sassan kumbon ke rabuwa, girgizar ta buɗe wani ɗan ƙaramin bawul da aka yi domin ya shigo da iska idan an kusa ƙasa. Ya buɗe ne suna tsayin kilomita 168. Iskar ɗakin ta tsiyaye waje. Bawul ɗin yana ƙarƙashin kujeru, rufe shi da hannu kuma yana ɗaukar lokacin da ya fi wanda mutum zai yi a farke ba iska. Kamar dai a Voskhod, ba su sanye da kayan riƙe iska, don mutum uku ba za su shiga da su ba. Kumbon ya sauka da kansa daidai inda aka tsara a Kazakistan, masu tarba suka buɗe ƙofa suka same su zaune a kujerunsu babu rai. Har yau su ukun ne kaɗai suka mutu a can sama, a wajen iskar duniya.

Idan aka duba waɗannan mace-mace, babu ko ɗaya da ya fito daga abubuwan da likitoci suka ji tsoro tun farko. Jikin mutum ya jure rashin nauyi, hankalinsa bai gushe ba. Ƙofa ce, da waya, da laima, da bawul, kuma a kusan kowane karo akwai injiniyan da ya san lahanin tun kafin a tashi.

Bayan 1971 Sobiyet ta rage fasinjojin Soyuz zuwa biyu domin kowa ya sa kayan riƙe iska lokacin tashi da sauka, ba a koma ɗaukar uku ba sai 1980. A watan Yulin 1975 kumbon Apollo da na Soyuz suka haɗu a sama, Leonov ya gaisa da Thomas Stafford hannu da hannu, tseren ya lafa. Amurka ta koma ga jirgin Shuttle, wanda ba shi da hanyar fizge matuƙa daga roka idan ta kama da wuta, kuma ya ci rayuka goma sha huɗu a haɗarin Challenger na 1986 da na Columbia na 2003. Soyuz ya ci gaba da samun nasa matsalolin: rokarsa ta gaza a 1975, ta kama da wuta a wurin harbawa a 1983, ta sake gazawa a 2018. A duka ukun na'urorin ceto sun raba kumbon da rokar mutanen ciki suka tsira, kuma tun daga 1971 ba a sake rasa rai a cikin kumbon Soyuz ba.